Tabo Tara a Ƙafar Hajo

Ku 'ya'yana, da jikokin da suka fara wayo, na san abin da ake faɗa muku a kaina a kasuwar Lolo, don kunnuwana ba su toshe ba tukuna. Wasu sun ce masu wa'azi ne suka tsorata ni na bar sakiya, tunda a shekarun nan ana cikin ɗokin Shari'a, kowane lungu da lasifikarsa. Wasu sun ce likitocin Sakkwato ne suka juya mini kai. Masu ƙarin gishiri kuwa rantsuwa suke yi sun gan ni na shiga jirgi, na kai tsakiyar Kwara, na jefa ƙarfen kakanninmu cikin ruwa ina kuka. To, ni ko iyo ban iya ba. Marigayiya uwarku Hajo ita ce 'yar ruwa, ni kuwa ba na shiga jirgi sai dole, in na shiga ma ina riƙe da gefensa ina salati. Na daɗe ina jin waɗannan maganganu ina kawar da kai, amma yanzu ƙarfi ya ja baya, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ga yadda abin ya kasance.

Gidanmu gidan wanzamai ne tun kaka da kakanni. Aski, ƙaho, tsaga, kaciya, duk hannunmu ya san su, amma abin da ya fito da sunanmu har ƙetare, cikin Dandawan Benin, shi ne sakiya. Ƙarfe ne da bai wuce taki ɗaya ba, bakinsa kamar na kibiya, ƙotarsa ta icen ƙirya. A sa shi cikin garwashi sai ya yi ja, a soka inda ciwo yake, a zare kafin mutum ya gama ihun farko. Saurin nan shi ne gwaninta, kuma ba yabon kai ba, a yankinmu ba wanda ya kai ni. Akwai al'adar da ba a ƙetarewa: majinyaci ba ya ganin ƙarfen. Ana rufe masa fuska da zane, a kori yara daga gidan, in an gama a naɗe ƙarfen cikin jar fata a tura shi can ƙasan zabira. Shi ya sa ko ɗayanku bai taɓa ganin sa a hannuna ba. Zan faɗi gaskiya, sakiya tana da wurinta. Ƙurji ya nuna, ya tara ruwa, ka huda shi mutum ya sami barci, wannan na gani ba sau ɗaya ba. Sai dai mu mun wuce nan. Gwiwa ta yi tsami, sakiya. Kafaɗa ta riƙe, sakiya. Ubana ya koya mini magana ɗaya da na riƙe kamar karatu.

"Inda ciwo yay yi kuka, nan aka sa mai hannu."

Shekara talatin ina aiki da wannan magana, ban taɓa tambayar ta ba.

Uwarku 'yar Sarkawa ce, masunta, sana'arta bandar kifi. Ku manyan kun san ta da ƙafarta, ku ƙananan kuma sai dai labari. Mace ce da ba ta iya tafiya a hankali ba. Ranar kasuwa takan ɗora kwandon banda a ka, ta bar ni baya da zabira ina haki, ta waiwayo ta ce in na gaji in hau kwandon. A shekarar da Kwara ta yi cikar da ta cinye shinkafar fadama, ruwa ya doso murhun bandarta, muka yi ta kwashe kaya zuwa tudu. Ta sunkuya ta ɗaga wani kwando da ya kamata mutum biyu su ɗauka, sai na ga ta tsaya cak, hannu a ƙugu.

"Malam, wani abu ya ce ƙas ga bayana."

"Gajiya ta," na ce mata. "Ki sha ruwan zahi ki kwanta."

Ku riƙe wannan magana tata, don ni ban riƙe ta ba. Bayan mako guda bayan ya lafa, sai ciwon ya sauka ƙafar hagu. Yakan taso daga ƙugu, ya bi bayan cinya, ya zauna a sha-raɓa kamar an zuba garwashi, 'yan yatsu kuma su mutu. Ƙafa ke kuka, don haka ƙafa na sa wa hannu. Na yi ƙaho har jini ya daina fita. Na yi tsaga na cusa magani. Da abin ya ƙi, na ɗauko jar fata. Damina biyu, sakiya tara: huɗu a sha-raɓa, uku a cinya, biyu kusa da idon sawu. Ko sau ɗaya ruwa bai fito ba. Hausawa in za su kwatanta mugunta sukan ce an yi wa mutum sakiyar da ba ruwa, ni kuwa na yi wa matata ita sau tara ina ganin taimako nake yi. Kowane karo takan kwana biyu tana cewa da sauƙi, ni kuma in ji daɗi, ban gane zafin wuta ne ya danne na ciki ba. Ta bar zuwa kasuwa. Murhun banda ya yi sanyi. Ta koma salla a zaune, daga baya ma a kishingiɗe, in za ta kewaya sai da jan gindi. Ƙafar ta rame, ɗaya daga cikin ƙunar sha-raɓa kuma ta ƙi warkewa, ta fara wari.

A nan ne yayanta Gado ya shigo maganar. Gado masunci ne, ƙato, mai murya kamar ana kiran jirgi daga ƙetare, kuma tun ranar da na auri ƙanwarsa muke tsokanar juna. Ranar nan bai zo da wasa ba. Ya shiga ɗaki ya ga ƙafar, ya fito ya same ni ƙarƙashin ɗorawa ina wasa aska.

"Mamman, ƙanwata nib ba ka ko kihin banda? Ka gasa ta ciki da waje."

"Yaya, aikinmu na. Ba ka san shi ba."

"Na san wanzami ba ya son jarhwa. Miƙo taka ƙahwa in sa maka guda, in kad daure sai ka ci gaba."

Na ci gaba da wasa askata. Ya ce akwai wani Badande mai tuƙa jirgin inji daga can ɓangaren Benin, wanda bara ake ɗaukar sa kamar buhu saboda irin wannan ciwon, makon jiya kuwa ya gan shi a kasuwar Lolo yana tafiya da ƙafarsa. Asibitin Bagudo suka ba shi takarda zuwa Sakkwato, can aka yi masa wata allura da ake kallon tafiyarta cikin jiki a talabijin. Na yi dariya, na ce labarin masunta ne, kifin da ya kuɓuce kullum shi ne babba. Gado bai yi dariya ba.

"Ji nan da kyau. In kas sake sa mata wuta, walle gaban alƙali za mu. Yanzu Shari'a aka yi. Sai ka gaya mai da bakinka mi kay yi ma ɗiyar mutane."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na tafi wurin Baba Sarki, ƙanen ubana, wanda ke riƙe da sarautar Sarkin Aska a lokacin. Ya tsufa, kuma kowa ya san ni ake sa ran zan gaje shi. Ya saurare ni yana taunar goro da 'yan haƙoran da suka rage masa, ya ce sakiyar ce ba ta yi zurfi ba, in yi ta goma a saman cinya kusa da ƙugu, in bar ƙarfen ya ɗan zauna. Da na ambaci Sakkwato, ya tsayar da tauna.

"Wanzami shi ɗauki matatai shi kai ma likita don ciwon ƙahwa? To ka hau kasuwa ka yi shela, ka ce zabirarmu ba komi cikinta. Wa za ya sake miƙo maka jikinai?"

Na dawo gida da niyyar bin maganarsa. Washegari da hantsi na kori yara, na hura garwashi, na sa ƙarfe. Abin da ya karya ni shi ne ban ce wa uwarku komai ba. Ƙamshin gawayi kawai ta ji, ta jawo jiki zuwa tabarma, ta ɗauki zane ta rufe fuskarta da kanta, ta miƙo ƙafa. Na durƙusa ina neman wurin da zan sa hannu. Ƙafar da ta saba barina baya a hanyar kasuwa ta zama kamar kara, tabo nan, tabo can, ga gyambo yana tsatsafa. Sai na ji muryarta daga ƙarƙashin zanen, a hankali.

"Malam, in kac ce wuta, ga ƙahwa. Amma ina roƙon Allah shi nuna min ranar da za ni sa goshina ƙasa, ko sau guda, kahin in mutu."

Na daɗe a durƙushe. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma na ji nauyinsa a kaina ranar. Na ɗauki butar alwala na juye wa garwashin, na aika a kira Gado.

Tafiyar ba zan ja muku ita ba. Mota daga Lolo, uwarku kwance a cinyar wata 'yar'uwarta, kowane rami na hanya sai ta ciji gefen zane. Muka ƙetare gada, a Bagudo suka duba ta suka ba mu takarda, muka bi ta Koko da Jega har Sakkwato. Can aka shigar da ita wani inji mai ƙara da ke ɗaukar hoton cikin jiki, sannan aka kai mu wurin likitan. Ban yi tsammanin ganin irinsa ba. Ɗan siriri ne, bai fi sa'an babbanku ba, gilashi a ido. Da ya ji daga inda muka fito sai ya washe baki, ashe Bakatsine ne, abokin wasanmu mu Kabawa.

"Kabawa! Yau bayina sun zo gaishe ni. Ina kifin da kuka kawo wa ubangidanku?"

Gado ya ce Bakatsine ko an ba shi kifi ƙaya za ta maƙale masa, aka yi dariya, har uwarku ta murmusa. Sai likitan ya nemi izini ya ɗaga zanen daga ƙafarta. Dariyar ta ɗauke. Ya bi tabon nan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana ƙirgawa da leɓe, ya tsaya a kan gyambon.

"Mama, wa ya yi miki wannan?"

Gado ya buɗe baki, ni kuma na sunkuyar da kai ina jiran sunana. Uwarku ta riga shi.

"Ƙarhen banda na, likita. Sana'ata ta. Kullum muna cikin wuta."

Likitan ya dube ta, ya dubi tabon da suke jere tsaf a kan hanyar jijiya, kowanne girmansa ɗaya, sannan ya dubi zabirar da ke rataye a kafaɗata, don wauta ta sa ban iya tafiya ko'ina ba tare da ita ba. Ya gane, ni ma na san ya gane. Ya ci gaba da aikinsa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya sa ta kwanta rigingine, ya ɗaga ƙafar a miƙe a hankali, bai kai ko'ina ba ta yi ƙara. Ya ɗauko hoton ya manna jikin wani allo mai haske, ya nuna mana ƙasusuwan baya, ya ce tsakanin kowane biyu akwai wani ɗan matashi kamar guringuntsi. Ɗaya daga can ƙasa ya fashe ya turo, ya danne jijiyar da ke sauka har yatsun ƙafa, jijiyar ta kumbura. Ya tambaye ta ko ta taɓa jin wani abu a bayanta kafin ƙafar ta soma.

"Na ji. Ranar ambaliya. Na hwaɗa."

Ba ta ce wa ta faɗa wa ba. Gado ya yi ajiyar zuciya, ya juyo gare ni, amma ba da faɗa ba wannan karon.

"Na gane, Mamman. Awa mamari na, igiyar nan tamu ta kamun kihi. Kihi na can ƙasa ga ƙugiya, gora ka rawa bisa ruwa. Kai ko shekara biyu gora kaka bugu."

Likitan ya ce ba zai taɓa bayanta ba sai gyambon ya bushe, kada ƙwayar cuta ta bi allura ta shiga. Kwana goma sha wani abu muka yi a gidan wani ɗan garinmu ana wanke aikin hannuna safe da yamma. Ranar allurar, ina zaune a benci, sai ga shi ya leƙo.

"Wanzam, taso. Ni da kai duk masu huda mutane ne. Zo ka ga yadda nake yin tawa."

Suka sa mini wata riga mai nauyin tsiya, wai ta dalma ce, saboda hasken injin. Ɗakin sanyi kamar randa. Uwarku na kwance rub da ciki, wata ma'aikaciya ta lulluɓe ta da kyau, ba abin da ke waje sai wuri kamar tafin hannu a ƙasan bayanta, an shafe shi da magani ja. A kanta akwai wani ƙaton ƙarfe lanƙwasasshe kamar baka, gefe kuma talabijin. Likitan ya taka wani abu da ƙafa, sai hoto ya fito.

'Ya'yana, na yanka raguna na layya ba iyaka, na san yadda ƙashin baya yake. Amma wannan na mai rai ne, tana numfashi, tana salati ina jin ta. Shekara talatin muna ɗaki ɗaya da matar nan, na ɗauka ba abin da ban sani ba a jikinta, sai ga ginin da Allah ya yi a cikinta a jere, ƙashi bisa ƙashi, kowanne da 'yar ƙofarsa ta gefe inda jijiya ke fita, ba wanda ya goce sai inda ciwon yake. Na ce Subhanallahi, na sake cewa, bakina ya kasa tsayawa. Ashe duk jikin da na taɓa sa wa ƙarfe haka yake a ciki, ni kuwa ina sokawa daga waje kamar mai sara cikin duhu.

Ya yi mata 'yar ƙaramar allura ta kashe zafi, sannan ya ɗauko ta aikin, doguwa, siririya kamar zaren tsintsiya. Ni da na san hannu, hannunsa na zuba wa ido. Ba zan ɓoye muku ba, bai fi nawa tsayuwa ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne rashin saurinsa. Ya tura kaɗan, ya tsaya, ya taka, ya duba. A talabijin sai ga allurar, baƙin layi, ta matsa kamar faɗin ƙwayar gero. Ya karkata ƙarfen nan mai kama da baka, ya duba ta gefe, ya gyara, ya sake turawa. Duk abin da aka koya mini shi ne ka soka ka zare kafin mutum ya farga, kuma kada ya ga komai. Wannan yaron kuwa yana aiki yana faɗa mata abin da yake yi, yana nuna mini, ba ya matsawa ko kaɗan sai ya gani. Da bakin allurar ya kai wata 'yar ƙofa a gefen ƙashi, ya ɗura wani ruwa kaɗan wanda ya ce shi ke nuna hanya. Sai na ga wani baƙin zare ya bayyana a hoton, ya miƙe, ya gangara ƙasa yana bin jijiyar. A daidai nan uwarku ta zabura.

"Wa at taɓa min ƙahwa? Wayyo, ga shi nan! Shi na, ciwon nan na, har ga sha-raɓa!"

Na juya na dubi ƙafarta. Tana can ƙarƙashin mayafi, ba kowa kusa da ita, ko ƙuda bai sauka ba. Allura na baya, ƙafa na amsawa. Abin da Gado ya faɗa da baki, da abin da likita ya nuna a hoto, duk na ji su ne kawai, zuciyata ba ta sallama ba sai a wannan lokacin. Gani ya kori ji.

"Yawwa, Mama, yi haƙuri," in ji likitan. "Mun same shi a gida."

Ya ɗura maganin a hankali, ya zare allurar, ya manna 'yar filasta. Ko ɗigon jinin kirki ban gani ba. Ma'aikaciyar ta turo mini kujera. Na zauna hawaye na bin gemuna, ina tuna mutanen da suka ƙetaro ruwa suka miƙo mini ƙafafunsu, da tabo taran da ke ƙarƙashin mayafin can, ba ko ɗaya da ya kusanci inda ciwon yake. Likitan ya dafa kafaɗata, ya ce a hankali yadda ita ba za ta ji ba:

"Baba, da abin da ka sani ka yi. Ni ma in aka kashe injin nan, makaho ne."

Bai yi mana alkawarin komai ba, wannan ma ya burge ni, don mu wanzamai ba mu taɓa cewa wataƙila. Ya ce wannan magani kumburin jijiyar kawai zai sauke, ba ɗinke abin da ya fashe zai yi ba. Wani yakan sami sauƙi, wani sai an sake, wani sai aiki. Ya hana ta ɗaukar kaya, ya sa aka koya mata wasu motsa jiki da Gado ya ce sun yi kama da iyon kwaɗo. Kwana biyun farko ciwon ya dawo, har na fara cewa a raina to ga shi nan. Daga nan ya soma ja da baya kamar ruwan fadama. Muna gida, wajen kwana na goma, na dawo daga masallaci bayan la'asar, na ɗaga labule sai na gan ta tsaye a kan tabarmar salla. Tsaye, da ƙafa biyu. Na maƙale a bakin ƙofa. Ta yi ruku'u a hankali, ta ɗago, ta sauka, ta sa goshi a ƙasa. Ta daɗe a sujadar nan har na tsorata, sai na ga kafaɗunta suna girgiza. Na saki labulen na koma zaure, don wannan ganawa ba tawa ba ce.

Bayan wata shida an sake yi mata allurar sau ɗaya, daga nan ba ta ƙara ba. Ta koma banda, ta koma kasuwa, sai dai wani ke ɗaukar kwando. Ɗan ɗingishin da kuka san ta da shi har ta koma ga Allah, wanda kuke cewa na ciwon baya ne, ba na baya ba ne. Gyambon nan ne da ya warke ya ɗaure naman sha-raɓa. Nawa ne. Ku daina ɗora wa ciwo.

Na je na sami Baba Sarki na gaya masa abin da na gani, na ce aski da ƙaho da kaciya ina nan, amma ni da sa wa mutum wuta don ciwon jijiya ko gaɓa har abada. Na ɗauka in na kwatanta masa da kyau zai yi mamaki kamar yadda na yi. Ya bar ni na gama.

"Talabijin ta hi ubanka sani ke nan. To, kowa yab bar gida, gida ya bar shi. Kawo ƙarhen."

"Ba shi hannuna, Baba."

"Ina shi?"

"Ba shi hannuna."

Daga wannan amsar aka ƙera labarin Kwara. Da Baba ya rasu, aka naɗa wani ɗan'uwana Sarkin Aska, ni ko shawara ba a nema ba. Gindin ɗorawata ya yi shekara kusan ba kowa, don mutane suna cewa wanzamin da ya kai matarsa asibiti me ya rage masa. Wanda duk ya zo da ciwon ƙafa irin nata, nakan ɗaga ƙafar a miƙe yadda na ga an yi, in ya yi ƙara in ce ya tafi Bagudo ya nemi takarda. Wasu sun je, wasu sun zage ni sun wuce gidan ɗan'uwana. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Na so rawanin nan tun ina saurayi, kuma na san wasunku har yau suna jin haushin an ce gidan Sarkin Aska ba namu ba ne.

Saura maganar ƙarfe. Ban yi wa Baba ƙarya ba, ba ya hannuna. Kwana kaɗan bayan sujadar nan, da hantsi, uwarku na zaune tana gyaran tarwaɗa, za ta hura murhu karo na farko cikin shekara biyu. Na zo na tsuguna gabanta, abin da ban taɓa yi ba, na ce ta yafe mini. Ta goge hannu, ta ce in ɗauko mata abin da nake ɓoyewa cikin jar fata, tana son ta gan shi. Na ce ba a yi. Ta ce sau tara ya gan ta, ita ba ta gan shi ba ko sau ɗaya. Na ɗauko, na kwance, na sa mata a hannu. Ta juya shi, ta gwada tsininsa da yatsa, sai ta yi dariya, irin dariyarta ta hanyar kasuwa da na ɗauka ba zan sake ji ba.

"Ashe ɗan wanga na? Ni ina can ƙarƙashin zane ina zaton mashi na."

Na miƙa hannu in karɓa, ta janye.

"Yahiya na yahe maka tun ranar da kaz zuba ma garwashi ruwa. Amma akwai saura. Na ce ma likita ƙarhen banda yaƙ ƙone ni, kuma ba ni son in tashi gaban Allah da ƙarya ga bakina. Bar min shi nan. Daga yau na banda na."

Ta ɗauki tarwaɗa, ta lanƙwasa ta, ta huda da shi, ta zura tsinke, ta ɗora a kan murhu.

Yana nan har yau. Shi ne ɗan baƙin ƙarfen nan mai ƙotar ƙirya da ke soke a jikin katangar murhu, wanda kuke faɗa a kansa kowace ranar banda don ya fi sauran tsini. Ku mata kun huda kifi da shi tun kuna 'yan mata, 'ya'yanku ma sun fara. In na mutu kada wanda ya mayar da shi zabira. Ku bar shi inda uwarku ta sa shi, don maganarta ta ci gaba da zama gaskiya.